Ka Ɗauki Nawa, Ka Ba Ta

Litinin, da hantsi

Bari tarihi ya shaida, tunda ni yanzu ba ni da bakin shaida, cewa ni, tsohon shugaban makaranta, mai karanta sanarwa a majami'armu tun Faston yanzu yana rarrafe, mutumin da aka taɓa roƙa a bikin yaye ɗalibai ya taƙaita jawabi saboda rana na shirin faɗuwa, ban furta ko kalma ɗaya ba tun safiyar Asabar. Maƙogwarona lafiya lau. Ban yi fushi da kowa ba. Ciniki na yi, kuma da Wanda ba a yi wa tayi.

Ga yadda abin ya kasance. Tun daminar bara, da abin nan ya sami Maman yara a bakin famfo, hannunta na dama ya ajiye aiki, bakinta kuma ya rufe. Ba zan kira sunan ciwon ba, kiran da likitoci suka yi masa ya ishe shi. Tana ji, tana ganewa, tana harara. Magana ce babu.

Ran Larabar da ta wuce, a taron addu'a, Fasto ya yi kuskuren cewa in rufe mana taro. Na miƙe. Na faro daga halittar duniya, kamar yadda tsari ya tanada, na gangaro a hankali har na iso kan matata. A nan ne harshe ya riga hankali fita. A gaban dattawa da zumuntar mata da mawaƙa na ce: "Ya Ubangiji, in harshe ne ya yi ƙaranci a taskarka, ga nawa. Ka ɗauki nawa, ka ba ta." Jama'a suka amsa amin da wani irin ƙarfi wanda a lokacin ya burge ni, yanzu kuwa nake zarginsa.

Asabar da safe ina zaune a gefen gadonta, ina karanta mata jarida haɗe da sharhin da editan ya kasa yi, sai na ji wata murya a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Ya isa."

Na dubi taga. Na dubi ƙofa. Na dube ta.

"Ya... isa," ta sake cewa.

Ban taɓa karanta inda aka ce dole mu'ujiza ta zo da ladabi ba. Ni dai cikin kalma biyu na karɓi saƙo biyu: an ba ta, an kuma karɓi nawa. Na ninke jarida, na durƙusa. Abin da na yi a durƙushen bai shafi tarihi ba.

Talata, da la'asar

Ƙanwarta ta iso da jaka biyu da ra'ayi goma. Wannan baiwar Allah, wadda nake kira Hukuma tun ranar aurenmu domin ba ta taɓa shiga gida ta fita ba ta kafa doka ba, ta rungume yayarta suka sha kuka, sannan ta juyo kaina.

"Mijin yaya, ashe gaskiya ne? An ce an ɗauke wa rediyon gidan nan wuta."

Na ɗauko ƙaramin allon da na ajiye tun ina aiki, na rubuta da alli: Alkawari na ɗauka.

Ta ɗaga hannu sama. "Allah mun gode maka. Mun roƙi ɗaya, ka ba mu biyu."

Na shiga rubuta mata amsa mai sassa uku. Kafin in kammala sashe na farko ta shige kicin. Wannan shi ne babban aibin rubutu, wanda marubutan dā suka haɗa baki suka ɓoye mana: abokin gardama ba ya jira.

Na gwada nuna wa Maman yara allon. Ta ƙura masa ido, ta kau da kai. Na manta cewa tun abin nan baƙaƙe ba sa tsaya mata wuri ɗaya. Ba komai. Muna da idanu, muna da gira, kuma auren da ya kai namu daɗewa ba ya rasa hanyar faɗa.

Laraba, da safe

"Ruwa." Ta faɗe shi sarai, har da wasalin ƙarshe.

Alhamis, da yamma

Fasto ya zo. Yaro ne mai kirki, ni na koya masa haɗa baƙi, har yau kuma in ya ga alli a hannuna sai ya gyara zama.

"Baba, dukanmu mun yi murna ƙwarai. Sai dai maganar shirun nan. Allah ba ɗan kasuwa ba ne. Alherinsa kyauta ne, an riga an biya komai a kan gicciye. Ba ya bukatar harshenka."

Na rubuta: Bai bukata ba, amma ya karɓa.

"Wa ya ce maka ya karɓa?"

Ban sha wahalar amsa ba. Daga cikin ɗaki aka ji Maman yara tana gaya wa Hukuma ra'ayinta game da shayi: "Zafi!" Na nuna ƙofar da alli, kamar lauyan da shaidarsa ta shigo da ƙafarta.

Ya shafa ƙeya. "Baba, adon magana ne kawai ka yi. Kowa ya san ka da wannan."

Nan ne raina ya ɓaci. Shekara da shekaru ina magana, mutanen ƙasa suna ɗaukarta ado. Rana ɗaya tak da sama ta ɗauke ni da gaske, shi ne ake so in koma in ce wasa nake yi? Na rubuta da manyan baƙaƙe: KOWA YA CI ZOMO YA CI GUDU.

"To gudun nan, har zuwa yaushe?"

Na goge allo a hankali. A cikin addu'ar ban sa wa'adi ba, ni da na sha rage wa ɗalibai maki saboda sun manta kwanan wata. Fasto ya yi mana addu'a irin ta 'yan zamani, wadda kafin mutum ya gama rufe ido an ce amin, ya tafi.

Lahadi, bayan sujada

An ba sakataren matasa karatun sanarwa. Na zauna a kujerata ta gaba, na haɗe hannuwa, na miƙa wuya ga ƙaddara. Ya haɗiye waƙafi, ya tsallake aya, na jure. Sai ya zo kan taron godiya na ƙarshen wata, inda aka rubuta cewa kowa ya zo da baƙinsa. Wannan bawan Allah, wanda bai taɓa ganin amfanin ƙugiyar da ke kan harafi ba, ya ɗaga murya ya ce: "Ana roƙon kowa ya zo da bakinsa."

Majami'a gaba ɗaya ta juyo ta dube ni.

Gyaran ya taso mini tun daga cibiya, ya iso maƙogwaro, ya tsaya a bayan haƙora yana buga ƙofa. Na haɗiye shi. Waɗanda suka rubuta tarihin shahidai sun yi ta ambaton wuta da takobi, ba wanda ya ambaci wannan.

A bakin ƙofa jama'a suka yi ta gaishe ni da ihu a kunne, kamar shiru kurumta ne. Shugabar zumuntar mata ta ce in kawo Maman yara ranar taron godiya ta tsaya a gaba ta ce haleluya. Na rubuta: Matata ba allon talla ba ce. Mai askin unguwarmu kuwa ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Malam, don girman Allah rubuta mini addu'ar nan. Amma a juye. A ɗauki na matata a ba wani mabukaci."

Ban yi dariya ba. Ban tabbatar ko dariya tana cikin abin da na bayar ba.

Talata, da hantsi

Dukiyarmu zuwa yau, ban da "ya isa" na farko: ruwa, zafi, sanyi, tashi, da a'a. A'a ta fi kowacce aiki, kamar yadda take tun kafin ciwo. Jiya autarmu ta bugo waya daga inda take aiki, aka kara wa uwarta a kunne, ta ce "Auta." Yarinyar ta yi ta kuka har wayar ta yi zafi. Ta kira Hukuma da sunanta na yarinta. Ta kira kyanwa.

Ni ba ta kira ni ba tukuna. Ba ƙorafi nake yi ba. A kowane taro mai tsari, babban baƙo shi ake kira a ƙarshe.

Alhamis, da rana

Domin kada maƙiya su riga ni, ga abin da ya faru ba ragi ba ƙari. Na je sauke butar shayi, marikin ya juya, tafasasshen ruwa ya zubo mini a bayan hannu. Wani sauti ya fita. Sautin shi ne "wash".

Ina so a lura da kyau. Malaman nahawu, na gabas da na yamma, sun yi ittifaƙi cewa irin wannan sauti ba ya cikin jimla. Ba suna ba ne, ba aikatau ba ne, ba shi da jam'i, ba ya ɗaukar lokaci. Akuya ma in an taka ta tana yin kwatankwacinsa, ba wanda ya taɓa cewa ta yi jawabi. Saboda haka alkawarina yana nan daram. Na bincika lamarin ta kowace fuska, na kuma wanke kaina.

Alhamis, da yamma

Ta dubi kofi tana so ta kira shi. Leɓenta ya yi ta motsi. Ta ce "takalmi". Ta san ba shi ba ne. Ta sake gwadawa, ba abin da ya fito. Ta ture kofin, ta juya fuska bango.

Juma'a

Ba ta ce komai ba.

Asabar, da safe

Wash ba kalma ba ce.

Asabar, da la'asar

Hukuma ta ce in na yi gyangyaɗin rana bakina yana motsi. Ba ta ce da sauti ba, ba ta kuma ce babu ba, mugunta ta hana ta fayyacewa. Domin rigakafi na ɗaure haɓata da ƙyalle, na ƙulle a tsakiyar ka, na kishingiɗa a falo. Ta fito daga kicin ta gan ni, ta saki faranti.

"Wayyo Allah! Mijin yaya, cire abin nan! Ka ga kamanninka kuwa? Sai ka ce gawa. Saura a kira mawaƙa."

Ban cire ba sai da na ga Maman yara tana kallona ta ƙofar ɗaki. Ban san ma'anar kallon ba. Dā nakan sani.

Litinin, bayan dawowa daga asibiti

Malamar da ke koya mata magana ta fito da hotuna: kofi, kujera, kaza. Wancan zuwan ta kira duka ukun. Yau ta kira kaza kaɗai, ita ma da ƙyar.

Malamar ta ce irin wannan yakan faru, yau gaba gobe baya. Sannan ta tambaya wa ke hira da ita a gida.

"Ni," in ji Hukuma.

"Kina jira ta amsa?"

"Ina jira mana. In ta daɗe sai in ƙarasa mata."

Malamar ta ce ba haka ake so ba. Ana son wanda zai zauna da ita, ya ja ta da magana, ya tambaye ta, ya tsokane ta, ya ba ta haushi ma in ta kama, har sai kalma ta fito don kanta. Mutum mai yawan magana wanda ba ya gajiya.

Hukuma ta nuna ni da haɓa. "Muna da irinsa a gida, babba ma kuwa. Sai dai ya rufe shago."

Na rubuta: Alkawari kaya ne. Malamar ta karanta, ta dubi ƙunar hannuna, ta ce in riƙa shafa magani. Ilimin asibiti ilimi ne, ina girmama shi. Amma ita ba ta kasance a kicin ran Alhamis ba, ba ta kuma ga abin da ya biyo baya da yamma ba. Ni na gani.

Laraba, da hantsi

Hukuma ta tafi. Ta ce jikarta ba lafiya, wanda gaskiya ne, amma ba shi ya haɗa mata jaka ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi magana ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa sanin ta iya ba.

"Mijin yaya, mun daɗe muna wasa da kai, yau ba wasa. Wannan abin naka tsoro ne, ka ɗinka masa rigar wa'azi. Yayata ta yi shekara a cikin shiru. Ta leƙo waje ta tarar ka kawo mata wani."

Na ɗaga alli. Ta riƙe hannuna.

"Kada ka rubuta mini komai. Na gaji da karatu."

Tsoro! Ni da na tsaya gaban masu duba makarantu na gyara musu lafazi. A rubuta a ajiye: ba tsoro ba ne. Biyan farashi ne, kuma wanda bai taɓa sayen abu mai tsada ba ba zai gane ba.

Alhamis

Ba ta ce komai ba. Na ba ta magani, ta sha. Agogon falo yana da ƙara, ban taɓa lura ba.

Juma'a

Ba ta ce komai ba.

Asabar, da yamma

Tunda an hana ni baki ba a hana ni alƙalami ba, ina da magana da Kai, kuma a tsaye zan yi ta.

Ya Ubangiji, ni ban yi maka ha'inci ba. Ka san abin da harshen nan yake a wurina. Ba ni da gona, ba ni da garke, ba ni da muryar waƙa. Shi kaɗai ka ba ni, da shi na ci abinci, da shi na nemi aurenta, shi na ɗauko ɗungurungum na ajiye a gabanka. An yi mini dariya a gidanka na haɗiye. An karanta baki a wurin baƙi na haɗiye. In saboda sautin butar nan ne, to ina ɗaukaka ƙara, domin ko alƙalin duniya ba ya yanke hukunci a kan kukan wanda ya ƙone. In kuwa ba saboda shi ba ne, to me kake nema kuma? Faɗi farashin. Ido ne? Ƙafa ce? Ina da biyu biyu. Amma ba zan karɓi rabin kaya ba. Ba ka saba ba da rabi ba, kada ka fara a kaina.

Fasto ya ce kyauta kake bayarwa. Na fi son ciniki. Abin da mutum ya saya ya san nasa ne, yana iya tsayawa a kansa da sanda. Kyauta kuwa, mai ita yana iya...

Tana motsi. Bari in duba.

Lahadi, da hantsi

Ban je sujada ba. Ga dalili, kuma duk dattijon da ke da tambaya ya zo ya same ni.

Na kawo mata shayi, na zauna a gefen gado, na ɗauko allo don in zana mata kofi kamar yadda malamar asibiti take yi. Ta miƙo hannunta mai lafiya. Na ɗauka allon take so. Allin ta karɓa. Ta dube ni, ta sa shi ƙarƙashin cinyarta, ta zauna a kai.

Muka yi ta kallon juna. Leɓenta ya fara rawa. Jijiyar wuyanta ta tashi. Na ga kalma tana tahowa daga nesa, tana faɗuwa tana tashi, ni kuwa ba ni da ikon miƙa mata hannu.

"Wa..." Ta numfasa. "Wa ya... aike ka?"

Na nuna sama.

"A'a."

Na nuna ƙirjina, na nuna bakinta, na yi alamar musaya da hannu biyu, alamar da duk mai hankali zai gane.

"A'a." Ta bugi katifa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. "Ni... ban saya ba." Ta daɗe tana neman ta gaba, har na ɗauka shi ke nan. Sannan ta kama hannuna, daidai wurin ƙunar, ta matse da gangan. "Malam. Yi... magana."

Ta kira ni.

Ba zan ɓoye wa tarihi yadda lissafin ya tsaya ba. In na yi shiru, na ƙi ta, ita da na yi shirun dominta. In na yi magana, na janye abin da na ajiye, kuma ba ni da sauran abin riƙewa in aka zo karɓar nata. Sai in zauna hannu wofi kamar kowane mai roƙo, in jira abin da aka ga dama. Na nemi mafaka a nahawu, na nema a falsafa, duk suka ce ba sa gida. Ita kuwa ba ta saki ƙunar ba.

Na buɗe baki. Na yi niyyar jimla mai gabatarwa da jigo da kammalawa, wadda ta dace da irin wannan rana. Abin da ya fito, cikin wata murya mai tsatsa da ta fi ƙarfin ɗakin, shi ne:

"Maman yara, kina jina?"

Shiru.

Ban san tsawonsa ba. Na dubi bakinta kamar yadda mai laifi ke duban bakin alƙali. Leɓen ya motsa, ya tsaya. A raina na ce, to, ga shi nan, an zo karɓa, ni na jawo. Ta rufe ido. Ta buɗe. Gefen bakinta mai lafiya ya ɗaga sama kaɗan.

"Duk... unguwa... na jinka."

Jimla cikakkiya, da mai aikatawa da aikatau da karɓau. Na gaya mata haka. Na yi mata bayanin dalilin da ya sa jimlar ta cika, na kawo misalai. Ta ce a'a sau huɗu, sau ɗaya kuma ta ce wata kalma da ban san ta iya ba, wadda ba ta dace da ranar Ubangiji ba. Shayi ya huce a wurin.

Lahadi, da la'asar

Fasto ya leƙo ya ji dalilin rashin zuwana. Na tarbe shi da baki. Ya buɗe nasa zai yi murna, na dakatar da shi, na sanar da shi cewa bai ci gardamar ba. Ya ce kyauta ce, ba a biyan komai. Ni kuwa na ce ya dawo mu yi maganar ranar da aka miƙa masa abin da ya fi ransa, aka hana shi rasit. Ya ce bai gane ba. Na ce yaro ne, zai gane. Na kuma umarce shi ya gaya wa sakataren matasa ya zo gobe da alli.

Da yamma ta sake kiran kofi takalmi. Na ce mata in haka ne a zuba mini shayi a na hagu. Ta harare ni. Ba ta samo kalmar ba. Gabana ya faɗi, bai kuma gama tashi ba har yanzu. Na ci gaba da magana.

Litinin, da sassafe

Ta tashi da bakinta. Na tashi da nawa. Ba a aiko karɓar ko ɗaya ba tukuna. In an aiko, a tarar da mu muna gardama.